Leburorin kakar albasa suna gudu da abans, helima kuma yana cin rabonsu: yaya ake tsara aikin?

Mai Sito, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da siton albasa da gyaɗa a nan Garwa. Ma'aikatana na dindindin huɗu ne: akawu, mai sikeli da masu gadi biyu. Daga Janairu zuwa Mayu nakan ƙara mutum 20 zuwa 25, mata masu tsintar albasa, masu ɗinkin buhu da 'yan dako. 'Yan dakon helima, wato shugabansu, ne ke kawo su, shi nake ba kuɗin a dunƙule ranar Asabar ya raba musu.

Abu uku ke damuna. Mutum ya karɓi abans, wato kuɗin da ake ba shi kafin ya yi aikin, a farkon kaka, bayan sati uku a neme shi a rasa, sai ka ji yana kilando, wato acaɓa, ko ya tafi haƙar zinari. Na biyu, 'yan dako na ƙorafin cewa abin da ke isa hannunsu bai kai abin da na fitar ba. Na uku, akwai yaron da na ɗauka a kakar bara, da kaka ta wuce na bar shi yana shara da aike, yanzu wata 14 ke nan, ba takarda. Na ce zan sallame shi, ya ce shi ma'aikaci ne cikakke. Masu sani, don Allah a ɗora ni a hanya.

Tsohon Akawu, Marwa:

Wa'alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da na ukun, don shi ne mai kai mutum gaban sufeton aiki.

Dokar aiki ta Kamaru, wato ta 14 ga Agusta 1992, ba ruwanta da sunan da ka laƙaba wa mutum. Ka kira shi ɗan cirani, ka kira shi yaron sito, ita kwanaki take ƙirgawa. Sashe na 25 ya yarda da ɗaukar wucin gadi iri uku, dokar Firayim Minista ta 15 ga Yuli 1993 kuma ta yanka wa kowanne wa'adinsa. Wanda aka ɗauka ya riƙe gurbin ma'aikacin da ba ya nan, ko ya taimaka a ƙarasa wani aiki mai wa'adi, wata 3 ne, ana sabuntawa sau ɗaya. Wanda aka ɗauka don aiki ya taso ba zato, ko don gyaran gaggawa, kwana 15 ne, shi ma sau ɗaya ake sabuntawa. Sai na kaka, wanda aikinsa ke bin yanayi: wata 6 a shekara, kuma kana iya sake ɗaukarsa kowace shekara. Nan mutanenka na albasa suka faɗa, kuma Janairu zuwa Mayu wata biyar ne, ba ka ƙetare iyaka ba.

Yaron nan kuwa gaskiyarsa ce. In wa'adi ya cika aka ci gaba da aiki, kwantiragin ya koma marar wa'adi da kansa, ba sai an sa hannu a komai ba. Rashin takardar ba kariya ba ce gare ka, kai ma take cuta, don ba ka da abin nunawa cewa na kaka ka ɗauke shi. In sallamar za ka yi, ka rubuta masa takarda mai ɗauke da dalili na gaskiya, ka ba shi notis na wata ɗaya (na lebura ke nan in ya yi shekara 1 zuwa 5) ko ka biya shi kuɗin watan, ka biya hutun da bai ci ba, ka ba shi takardar shaidar aiki. Kuɗin sallama sai wanda ya cika shekara biyu, shi bai kai ba. Kada ka ce ai in ya tafi shi ke nan: ma'aikaci yana da shekara uku da zai iya neman bashin albashinsa, sasanci a ofishin sufeto kyauta ne, kotun ma ba ta karɓar kuɗin ƙara a hannunsa.

Ga na kaka mai zuwa, duk kwantiragin da ya wuce wata 3, ko wanda ya raba mutum da garinsu, dole a rubuta shi a aika wa sufeto kwafi. Shafi ɗaya ya isa. Suna da lambar katin shaida, irin aikin, ranar farawa da ranar gamawa, farashi, ranar biya, da jimla guda da ta ce aikin kakar albasa ne. Ka rubuta da Faransanci, a karanta masa da Hausa ko Fulatanci gaban shaidu biyu, ya dangwala. Ranar gamawar ita ce zuciyar takardar. Ka sa akawu ya rubuta ta a jikin kalanda, kwana goma kafin ta cika a yanke shawara: ko a sallami mutum da haƙƙinsa, ko a mayar da shi na dindindin ido biyu. Yawancin rigimar irin ta yaronka daga tausayi take farawa, "bar shi ya ɗan zauna", sai watanni su taru ba wanda ya lura.

Lissafin kuɗin kuma. Tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi sefa 45,000 ne a aikin gona, 60,000 a sauran sassa. Sito saye da sayarwa ne, ka yi lissafi da 60,000. Mako awa 40 ne, wata ya kama awa 173 da ɗoriya, awa ɗaya sefa 346, yinin awa takwas kusan 2,770. Biyan jinga halal ne a doka, amma da sharaɗi: mutum matsakaicin ƙarfi, yana aiki yadda aka saba, ya tashi da abin da bai gaza na mai albashin yini ba. Farashin kuma a manna shi a wurin biya. Hutu kwana ɗaya da rabi ne a kowane wata, wanda a kuɗi ya kama kashi ɗaya cikin 16 na duk abin da ya samu. Wanda ya yi wata biyar a kan 60,000 ya tara 300,000, hutunsa 18,750 ke nan, a haɗa masa ranar sallama.

CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, ita ce mutane ke gudu, alhali ita ce mai rufa asiri. Ma'aikaci kashi 4.2 ake cire masa na fansho. Kai kuma 4.2 na fansho, 7 na iyali, sai na haɗarin aiki 1.75 ko 2.5 ko 5, gwargwadon rukunin da suka sa ka. A kan 60,000 naka ya kama tsakanin 7,770 da 9,720 a wata. Ka auna wannan da ranar da buhu zai zame daga saman mota ya karya wa ɗan dako ƙugu. Mai rajista, kana kai rahoto cikin kwanakin aiki uku, CNPS ta ɗauki magani da diyya. Marar rajista, kai ne asibitin, kai ne diyyar, ga tara a kai.

Mai Kula da Lodi, Ngaundere:

Malam Akawu ya gama da takarda. Ni zan taɓa helima da gudun ma'aikata, don ciwo ɗaya ne.

Alhaji, matuƙar kuɗi na bi ta hannun helima a dunƙule, ba ka san farashin da kake biyan mutanenka ba. Kai kana cewa 150 a buhu, su 100 suke gani, kuma da wannan 100 ɗin suke auna ka da sauran masu neman hannu. Maganin ba korar helima ba ne, don shi ya san inda zai samo mutum goma cikin dare. Raba ladansa za ka yi da nasu. A yanka masa kamashonsa a fili, a ce 15 ko 20 a kowane buhu, ko albashin mako, kai ke biyansa. Rabon 'yan dako kuwa hannu da hannu, cinikin makaho: kowa ya zo da kansa, a kira suna, a faɗi adadin da ƙarfi, ya karɓa ya dangwala. In ta waya za a tura, Orange Money ko MoMo, lambar ta zama tasa, ba ta helima ba, ba ta mai shagon unguwa ba, kuma ka ɗora kuɗin cirewa a kai. In ba haka ba, wanda aka tura wa 15,000 ya ciri abin da bai kai ba zai ce kai ka rage. Helima zai yi fushi a satin farko. Wanda bai dawo ba a sati na biyu, ka gane ba da kamasho yake rayuwa ba.

Akwai kuma abin da masu sito da yawa ba su sani ba. Helima mai kawo mutanensa a kan farashi dunƙulalle, doka ɗan kwangilar aiki ta ɗauke shi, kuma ta ce a rubuta yarjejeniyar. In a sitonka ake aikin ya kasa biyansu, kai ne za ka tsaya a madadinsa. "Ai na ba helima" ba amsa ba ce a gaban sufeto. Biya biyu ke nan.

Ƙirga ma tana cin mutane. Kada a bar ta a baki. Lodin babbar mota mutum takwas ne daidai: biyu na ɗorawa, huɗu na ɗauka, biyu na jerawa a sama. Mai ƙirga ya tsaya a gindin katakon hawa da alli, kowane buhu ja ɗaya a allo, na biyar a gicciye. Kafin a ja tamfol, shi da babban ƙungiyar su duba allon tare, a shigar a littafi da lambar motar. Littafi biyu, ɗaya wurin akawu, ɗaya wurin 'yan dako.

Yanzu ga dalilin gudun. Mu ce mota ta ɗauki buhu 250 a kan 150, ya kama 37,500, mutum takwas kowa ya tashi da kusan 4,700. Yini mai kyau ne. To amma in mota uku kawai aka yi a mako, ya samu 14,000 a kwana shida, sauran kwana ukun yana zaune a inuwar sito yana cin abin da ya tara. Ɗan kilando kuwa kullum yana taɓa kuɗi, ko bayan ya cire na mai babur da na fetur. Ba farashin buhu ke korarsu ba, ranakun zaman banza ne. Ka sa kuɗin zama: duk wanda ya amsa kira da safe mota ba ta zo ba, a ba shi wani abu tsayayye da abincin rana, a sa shi juya albasa ko gyaran rumfa. Sannan ka rage yawan mutanen. Ƙungiya ɗaya mai samun aiki kullum ta fi biyu masu raba yunwa. Ranar da motoci suka haɗu, a nan ne ake kiran 'yan yini.

Ka kuma san da wa kake takara. Masana'antun gurzar auduga na SODECOTON na ɗaukar 'yan kaka a daidai lokacinka. Girbin masakwa, dawar rani da ake nomawa a karal (ƙasar laka), na janye mutanen Diyamare da Mayo Kani wajen Fabrairu. Da hadari ya fara haɗuwa a Mayu, mai gona ba ya tsayawa ko nawa ka ba shi. Ga waya: farashin da aka biya a Pitowa da safe, kafin azahar an ji shi a Gider. Kasuwar hannu ba irin ta da ba ce, da mutum zai zauna don bai san na wani wuri ba.

Zafin Maris da Afrilu na haura digiri 40. A fara bayan Asuba, a tsaya wajen sha ɗaya da rabi, a koma bayan La'asar. Ruwan sha a randa kusa da mota, ba a bayan sito ba. Da azumi a mayar da lodi bayan Isha'i, amma a tuna daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe aikin dare ne a doka. Katakon hawa a duba shi kowace safiya, a buga masa ƙananan sanduna a gicciye don ƙafa ta samu mariƙa. Buhun albasa mai hula na iya haura kilo 100, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi daga ƙasa, biyu ke ɗora masa.

Hajiya Mai Gyaɗa, Gider:

Sannunku. Kowa ya yi ta maganar maza, an manta da matan tsinta, alhali a hannunsu riba take.

Alhaji, kada ka biya mai tsinta da yawan buhu zalla. In ka yi haka sauri za ta yi, mai taushi da mai tabo su shige, buhu ya kwana uku a hanyar Yawunde ko Duwala cikin zafi, guda ɗaya ta ruɓar da na kewaye da ita. Ka yi musu kuɗin yini, sannan ƙari a kan buhun da ya tsallake bincike. Kowace ƙungiya ta mata huɗu ko biyar a ba ta zaren ɗinki mai launinta. A zazzage buhu ɗaya cikin goma kafin lodi. In an samu mai taushi ko mai tabo, ƙungiyar ta sake tsince shi, ƙarin ya faɗi, amma kuɗin yini ba a taɓa shi. Cin tarar ma'aikaci a albashinsa haramun ne a dokar aiki, kowa ya sani, sai dai a yi kunnen uwar shegu.

Su mata ba sa gudu da abans, amma suna daina zuwa shiru in biya ya yi jinkiri, don da shi ake cefane. Biyan mako ya fi musu, kuma ranar ta tsaya, kada yau Asabar gobe Talata. Annabi (SAW) ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. A yi musu rumfa da makewayi nasu. 'Yan matan da suke biyo iyayensu kuma a duba shekaru, ƙasa da 14 doka ba ta yarda a ɗauka ba, ko da uwar ce ta roƙa.

Ƙarshen kaka ka rubuta sunayen waɗanda hannunsu ya faɗa da lambar wayarsu. A Disamba ka kira su tun kafin wani ya riga ka. Tsohuwar hannu na gane albasar da ta fara lalacewa daga wuyanta, sabuwa sai ta yi sati biyu tana koyo a kan kayanka.

Ɗan Kusri:

Ƙari kaɗan game da 'yan Cadi, don na tabbata akwai su cikin 'yan dakonka. Kuɗinmu ɗaya ne, bakin ƙirga ne ya bambanta. Su da riyal suke lissafi, riyal ɗaya sefa 5, kamar dalarmu. In Bacade ya ce "miya" 500 yake nufi, in ya ce "alif" 5,000 yake nufi, ba 1,000 ba. An sha yin ciniki kowa ya tashi da murna, ranar biya a kama wuyan juna. A rubuta adadin da lamba a sefa, a ɗauko takardun kuɗin a nuna masa a tafin hannu.

Shigowarsa ta gadar Ngeli ba wuya, tunda Cadi da Kamaru duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, amma izinin shiga daban, izinin aiki daban. Kwantiragin baƙo sai ma'aikatar da abin ya shafa ta buga masa tambari kafin ya fara. Haka na 'yan Najeriya, waɗanda suka ƙaru tun da naira ta faɗi a 2023. Kuma don Allah a daina riƙe wa mutane katin shaida a matsayin jingina. Ka yi kwafi ka mayar masa. Mutumin da ba kati a aljihu, shingen farko za a sauke shi, kuma sunanka zai kira.

Mai Sito, Garwa:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abans ɗin. Wani ya ba ni shawara in riƙa riƙe kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kowa sai ƙarshen kaka, wanda ya gudu ya bar shi. Ya kuka gani?

Mai Kula da Lodi, Ngaundere:

Ana yi, kuma yana riƙe mutane, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ragwaye yake riƙewa. Ƙarfafan da ke da wurin zuwa ba sa yarda da shi tun farko.

Tsohon Akawu, Marwa:

A'a Alhaji, kada ka fara. Abin da mutum ya riga ya yi wa gumi nasa ne. Albashin wata ba ya wuce kwana takwas bayan ƙarshen wata, wanda ya bar aiki kuma ana biyansa abin da ya tara. Ko ya dangwala a takardar cewa ya karɓi komai ba ya bin ka, wannan ba ta hana shi dawowa ya nema.

Juya abin za ka yi. Farashi ya tsaya yadda yake, ka ɗora tukuicin ƙarshen kaka a kai, a rubuce cikin kwantiragi: wanda ya kai ranar gamawa, bai yi fashin da ya wuce kwana kaza ba tare da uzuri ba, yana da kaza. Ko 200 ka ware a kowane yinin aiki, a kwana 120 ya zama 24,000, ka haɗa da kuɗin hutunsa 18,750, mutum ya koma gida da abin sayen taki da iri. Wannan ƙari ne da ka yi alkawari bisa sharaɗi, ba haƙƙinsa ka danne ba.

Abans kuma kada ya wuce kuɗin mako ɗaya, kuma kada a bayar ranar farko. Wanda ya zo daga nesa ba ko sisi, ka ba shi abinci da wurin kwana na satin farko, ka biya kuɗin motarsa kai tsaye ga direba. Bayan kwana shida na aiki sai a buɗe masa littafi, abin da zai karɓa kada ya haura abin da ya riga ya tara. A cire a biya biyu ko uku, ba a tashi ɗaya ba, don wanda ya ga an share masa mako guda cif ba ya kwana a garin. Bashi babba, irin na aure ko na jinya, shi kuma sai an rubuta yarjejeniyar cirewa an kai gaban sufeton aiki ya shaida, in ba haka ba cirewar ba ta da ƙafa a doka. Kuma abans ta hannun akawu zai fita, da sunan mai karɓa. In ya bi ta hannun helima, shi zai ba su da ruwa, kai kuma a bar ka da sunan mai bin bashi.